Yona Mai Fenti da Haidar Kabo

Ina kan keke ina ɗinka rigar kujerar wata tsohuwar mota sai wayata ta yi ƙara. Magdalina ce, matar Yona, ta kira ni da data daga asibitin da suke kwance a Abuja. Na ɗauka na ce, "Maman Bintu, ya mai jiki?" Sai shiru, sai wani ƙugi kamar ana girgiza ruwa a jarka, sannan muryarta ta zo a guntule: "Mika'ilu, Yona ya..." Nan ta tsaya. Na zauna da waya a kunne, ƙafata a kan feda. Duk wanda ya saba da irin wannan kira ya san halinsa, magana ba ta ɓacewa, makara take yi. Can sai ragowar ta iso ita kaɗai: "...tafi."

Har a labarin mutuwarsa sai da Yona ya sa aka jira shi.

Yona Bagwari ne, ko Gbagyi kamar yadda yake gyara mini kullum, haifaffen wani ƙauye da ke bayan madatsar ruwan Tagwai. Ya shigo Minna da ƙuruciyarsa, ya koyi fentin mota, ya kafa gida a Kpakungu, ya kafa rumfar aiki a garejin Ketaren Gwari. Rumfarsa a jingine take da tawa. Shi fenti, ni kujera. Mota idan ta fito daga hannunsa tana ƙyalli sai ta shigo nawa. Haka muka yi furfura tare. Ranar Kirsimeti shinkafar gidansa ce abincin ranata, ranar Sallah kuwa tun kafin a gama fiɗa yake tsaye a ƙofar gidana da ledarsa, wai ya zo taya ni jimamin ragon.

Hausar Yona ba ta da mace. Kowa a bakinsa namiji ne, har matarsa. Sai ya ce, "Magdalina ya ce in dawo da wuri." In ce, "Ta ce, Yona, ta ce." Sai ya dube ni ya ce, "Ka taɓa ganin Magdalina ya yi fushi? Namiji ne."

Tsokana kuwa a jininsa take. Wani direba ya taɓa barci a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya da ke tsakiyar gareji, ya farka ya tarar da takalmansa ɗaya shuɗi ɗaya ruwan ɗorawa. Akwai kazar maƙwabta da ta matsa wa rumfarsa da kashi, ya kama ta ya fesa mata layi biyu irin na tasi, ya sake ta. Mai kazar ya zo da faɗa, Yona ya ce masa ai ya kamata ya gode, yanzu ko ta ɓata an san tashar da za a neme ta. Ba ya tsokanar da za ta bar tabo. Wanda ya yi wa abu shi ne yake fara ba da labarin washegari.

Amma sana'ar tana bin mai ita gida. Magdalina ba ta tambayarsa wace mota ya yi yau, hankicinsa take dubawa. Idan ya fyace hanci ya fito kore, ta san koriyar mota ce. Idan fari ne, motar asibiti ko ta 'yan makaranta. Dariya muke yi wa abin. Ai kowane mai fenti ya san maganinsa: idan an tashi aiki a fasa gwangwanin madara a shanye, ta wanke ƙirji. Haka suka gada daga iyayen gidansu, ba wanda ya taɓa tambayar ta wace hanya madarar da ta shiga ciki take bi ta je huhu.

Abokin aikinsa a rumfar shi ne Ndaliman, Banufe daga wajen Bida. Yona ya girme shi nesa ba kusa ba, shi ya koya masa riƙon bindigar fenti, daga baya suka zama abokan haɗin gwiwa. Ndaliman mutum ne mai hannu, mai 'ya'ya mata reras a gida, mai tsoron magauta fiye da duk wanda na taɓa sani. Laya a damtse, laya a ƙugu. Ba ya cin abinci daga hannun baƙo, ba ya faɗin ranar da zai yi tafiya, idan ya yi aski sai ya kwashe gashin ya tafi da shi. Amma wannan mutumin da ke tsoron inuwar maƙiyi shi ne zai shiga cikin hazon fenti da hanci a buɗe, ya fito ya wanke hannu da tina, wato ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi, ya kora da madara, ya ce lafiya ƙalau.

Abin ya faro ne daga Susan, ɗiyar ƙanwar Magdalina, wadda ke karatun kiwon lafiya a ƙasar waje. Bincike take yi a kan abin da ma'aikata ke shaƙa a wurin aiki, kuma tana son ta gwada ko za a iya yin irin wannan bincike ta kiran intanet, ba sai mutum ya hau jirgi ya zo ba. Ta roƙi Yona ya zama cikin waɗanda za ta riƙa kira. Ya amsa da murna. Ya zagaye gareji yana faɗa wa kowa cewa Turai ta gano shi.

Ranar kiran farko ya ɗora waya a kan bonet, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Ni da Ndaliman muna gefe.

"Baba, ina wuni? Kana ji na?"

"Susan! Ya sanyi? Ka ci abinci?"

Daga nan layin ya fara halinsa. Maganarta ta zo da wuri, tasa ta je a makare.

"Baba, da me kake wanke hannu idan ka gama aiki?"

Yona ya ce, "Tina." Ita ba ta ji komai ba, ta ɗauka tambayar ta faɗi a hanya, sai ta wuce gaba.

"To bari in tambayi wani abu. Me kake sha bayan aiki?"

Sai a lokacin amsarsa ta isa gare ta. Muka ji ta yi ihu.

"Tina? Baba, tina kake sha?"

Shi kuma a lokacin ya riga ya amsa tambaya ta biyu. "Madara."

"To da me kake wanke hannun?"

Amsar da ta same ta ita ce madara. Ta ce a hankali, "Baba, kana wanke hannu da madara, kana shan tina?"

Yona ya riƙe ciki yana dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Rubuta haka, Susan. Bari Turawa su san da mazan da suke magana."

Da ƙyar aka warware wannan. Sai ta shiga yi masa bayanin abin da ke cikin fenti da tina da fetur, ta kira sunansa da Turanci, daidai lokacin da layin ya fara yankewa. Abin da ya fito daga wayar, na rantse da kunnena na ji, shi ne: "Baba, abin da ke cutar da ku shi ne Haidar... Kabo... ba a ganinsa... ta hanci yake... masu fenti da yawa ya kashe... a hankali yake bi..." Ƙit, layin ya mutu.

Muka dubi juna. Yona ya ce, "Wane ne Haidar Kabo? Me na yi masa?"

Na waiga wajen Ndaliman. Hannunsa kawai na gani ya tafi damtse yana laluben laya.

Ranar Lahadi bayan coci Yona ya zo gidana, don a unguwarmu sabis ya fi ƙarfi, muka sake kiranta. A ranar layin ya yi kyau kamar tana zaune a kan tabarma tare da mu. Da ya tambaye ta wane ne Haidar Kabo, sai da ta yi dariya har da hawaye, sannan ta faɗi kalmar daki-daki: haidirokabon. Ta ce ba mutum ba ne, sinadari ne, dangi ne babba, suna cikin fetur da tina da baƙin mai da hayaƙi, kuma wasu daga cikinsu idan mutum ya daɗe yana shaƙa suna jawo ciwon daji. Ta ce madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke ƙirji. Sannan ta daina dariya ta ce, "Baba, tarin nan da na ji ranar nan, tun yaushe?"

Ya so ya kauce da wasa, ba ta bari ba. Ta haɗa baki da Magdalina, suka tasa shi gaba sai asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka tura shi wani wurin, aka sake wani hoton. Wata rana da hantsi ya shigo rumfata ya zauna a kan kujerar da nake gyara, abin da ya san na tsana, ya ce, "Mika'ilu, mutumin nan ya riga ya shiga. Ya shimfiɗa tabarma a huhu." Na ajiye almakashi. Ya ce kada in yi masa wannan fuskar, kuma kada in faɗa wa kowa a gareji, ba ya son a fara gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa kamar mai takaba.

Sannan ya leƙa ta ramin kwanon da ya raba rumfunanmu. Ndaliman yana can cikin farin hazo, yana fesa wata mota yana waƙar Nufanci da baki a buɗe. Yona ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ni na ba shi bindigar nan. Ni na ba shi madarar. 'Yan matansa duk ba wanda ya yi aure." Daga ranar ba abin da ya sa a gaba sai hancin Ndaliman.

Susan ta aiko da takunkumi guda biyu ta hannun wani da ya dawo gida. Ba irin na ƙyalle ba ne, na roba ne mai gwangwani a gaba, wanda ke tace iska. Yona ya fara bi ta hanyar gaskiya. Ya miƙa wa Ndaliman ɗaya ya ce ya sa, warin fenti yana kashe mutum. Ndaliman ya juya abin a hannu, ya tura baki.

"Oga, wannan ai hancin alade ne."

"To cin ka zai yi?"

"Ni da ban ci namansa ba, sai in ɗauki hancinsa in ɗora a fuskata? Ku da kuka saba da shi ku sa."

"Wari na kisa, Ndaliman."

"Wari? Wari ya kashe namiji? Oga, kai shekara nawa kana sha, ga ka nan garau. A bar ni da madarata."

Yona ya karɓi takunkumin. Amsar tana cikin ƙirjinsa, amma ba ya son fito da ita. Ya koma gefe ya zauna. Can na ga gefen bakinsa ya fara motsi, irin motsin da yake yi kafin kaza ta zama tasi.

Washegari ya jira sai da Ndaliman ya zauna cin waina, ya matso kusa da shi, ya waiga hagu da dama, ya yi ƙasa da murya.

"Na sake magana da Susan a kan Haidar Kabo."

Wainar ta tsaya a hanya. "Me ta ce?"

"Ya ce mutumin ya gama da masu fentin wasu garuruwa. Yanzu Minna ya nufo."

"Inna lillahi. To me muka yi masa?"

"Ba sai ka yi masa komai ba. Shi dai mai fenti ne ba ya ƙauna. Ba ya zuwa da wuƙa, ba ya zuwa da bindiga. Yana tsaye kusa da kai ba za ka gan shi ba."

"Layar zana ke nan."

"Ya fi layar zana. Amma yana da lago ɗaya. Ta hanci yake gane mutum. In bai ga hancinka ba, ko kun yi karo wucewa zai yi. Kana tsammanin don me Susan ya aiko da abin nan tun daga Turai? Don wari?" Ya yi tsaki. "Na ce maka wari ne don kada hankalinka ya tashi."

Ndaliman ya juyo gare ni. "Malam Mika'ilu, kai ma ka ji?"

Na ce, "Ni dai na ji da kunnena an ce ta hanci yake bi." Ban yi ƙarya ba.

Kafin azahar hancin alade ya hau fuskar Ndaliman. Ya yi fenti da shi, ya yi shara da shi, ya hau acaɓa da shi har gida. Yona ya ce masa a wurin aiki kawai mutumin yake farauta, ba sai ya tsorata yara a hanya ba, amma Ndaliman ya ce rigakafi ya fi magani. Cin abinci ne kaɗai ke sa ya ɗaga shi, shi ma sai ya juya ya fuskanci bango.

Labari kuwa ya fi wutar kara gudu. Kafin mako ya zagayo, Haidar Kabo ya yi tsawo, ya yi gemu, ya samu baƙar mota mai baƙin gilashi. Wani bakanike ya rantse ya gan shi a Kpakungu yana sayen rake. Mai walda ya ce ba Haidar ɗaya ba ne, su bakwai ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da wannan ya dawo kunnen Yona sai ya ce, "Wannan ya fi kowa sani, Susan ma ya ce dangi ne babba." Masu fenti biyu daga ƙarshen gareji suka zo a ɓoye suna tambayar inda ake samun hancin. Da aka gaya wa Susan ta ce, "Baba, wannan ba ya cikin tsarin bincikena." Ya ce, "To ka sa shi." Ta ce ita dai ba za ta yi wa kowa ƙarya ba, idan Ndaliman ya tambaye ta za ta faɗa masa gaskiya. Yona ya ce ba komai, ai Ndaliman ba ya magana da waya mai tsallake teku, yana tsoron a ɗauke masa murya.

Watanni aka yi a haka. Yona yana ramewa yana cewa azumin Kirista yake yi, wanda ba ya ƙarewa. Ya rage shiga rumfa, ya koma zama a bakin ƙofa yana haɗa kala yana ba da umarni. Idan ya ga Ndaliman ya fito daga hazo ya cire takunkumi ya fyace hanci ba kala, sai ya kashe mini ido.

Ranar da ƙwai ya fashe, wata tsohuwar bas ce mai lambar Kano ta shigo gareji. Direban dogo ne, da ɗan gemunsa, mutum mai fara'a. Ya yi sallama ya ce yana son a sake wa motar fenti. Yona ya tafi shan magani a bayan rumfa, Ndaliman ne a wurin, da bindiga a hannu cike da koren fenti.

Ta cikin takunkumi ya ce, "Sunan mai mota?"

"Haidar."

Ndaliman ya ja da baya taku ɗaya. "Haidar na ina?"

"Daga Kano. Ɗan Gwarzo ne ni."

"Gwarzo... tana kusa da Kabo?"

Bawan Allah ya washe baki, ya ji an san yankinsu. "Kai, ai maƙwabta ne! Kakata ma 'yar Kabo ce. Maigida, cire abin nan mana mu gaisa sosai, in ga fuskarka."

Bai rufe baki ba Ndaliman ya danna bindiga. Tun daga wuyan riga har takalmi, farar shaddar mutumin ta koma kore shar. Ndaliman yana fesawa yana ja da baya yana ihu ta cikin roba, "Ba za ka ga hancina ba! Wallahi ba za ka gan shi ba!" Gareji ya taru. Masu sifana sun fito da sifana, mai walda yana tambaya ina sauran shidan. Direba ya tsaya da hannuwa a sama kamar ganyen ayaba, yana cewa, "Jama'a, me na yi? Fentin mota na ce, ba nawa ba!"

Da Yona ya ga abin zai zama duka, sai ya ratsa taron ya tsaya a gaban baƙon. Ya ɗaga hannu, ya faɗi gaskiya tun daga kiran farko har hancin alade. Sannan wani ya fashe da dariya daga baya, sai gareji duka ya ɗauka. Har direban, da aka ba shi haƙuri aka yi masa alkawarin sabuwar shadda da fentin mota, ya zauna a kan taya yana dariya yana cewa zai kai wa kakarsa labari.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ndaliman ya cire takunkumin a hankali, shatin roba ya kwanta a fuskarsa. Ya rataye shi a ƙusa. Ya ce, "Oga, wata da watanni ina yawo a garin nan da hancin alade, 'ya'yana suna ɓuya idan na shigo layi. Ashe wasa kake da ni." Daga ranar aka laƙaba masa Abokin Haidar. Daga ranar kuma ya daina yi wa Yona magana sai ta aiki, ya koma cikin hazo da hanci a buɗe, yana fasa gwangwanin madara da ƙarfi yadda za a ji.

Ban taɓa ganin tsokana ta juyo ta ciji Yona kamar wannan ba. Ya aike ni ban baki, Ndaliman ya ce ni ma ai da ni aka haɗa. Yona ya sa Magdalina ta dafa masa kifi ta aika, Ndaliman ya mayar, ya ce ba ya cin abincin da bai san niyyarsa ba. Ana haka jikin Yona ya ƙi, likita ya ce sai Abuja.

Ranar tafiya Yona ya sa mai mota ya biyo da shi ta gareji. Ya sauko da ƙyar, ya taka zuwa rumfa. Ndaliman yana goge wata farar mota da samfefa, ya ba shi baya. Yona ya tsaya, tari ya zo masa, ya tare da hankici. Da ya lafa sai ya shimfiɗa hankicin a kan bonet, daidai gaban Ndaliman.

"Abokin Haidar, duba mini. Wace mota na yi yau?"

Ndaliman ya duba. Ja ne. Ya daɗe yana kallo.

"Oga, ba mu yi jar mota ba."

"Ba mu yi ba." Yona ya naɗe hankicin ya mayar aljihu. "Garinsa kawai na yi maka ƙarya. Ba ɗan Kabo ba ne, ɗan rumfar nan ne, tare muka tashi. Sauran duk gaskiya ne. Ba a ganinsa, kuma ta hanci yake bi."

Ya juya ya tafi. Ndaliman bai ce a sauka lafiya ba. Ya tsaya da samfefa a hannu har motar ta fice. Takunkumin kuwa yana nan a ƙusarsa.

Daga Abuja kullum sai Yona ya kira ni da data. Kafin ya amsa mini ya jiki, tambayarsa ɗaya ce: "Ya sa?" In leƙa ta ramin kwano in ce, "Bai sa ba." Sai ya ce, "Taurin kan Banufe. Gobe zan sake tambaya." Ndaliman dai ya daina waƙa, ya daina fasa madara, har na lura ya daina fesawa ma, sai gugar samfefa yake ta yi, motoci suna jiran fenti. Idan ya wuce ƙusar nan sai ya kau da kai kamar wanda ya haɗu da surukarsa.

Ana gobe Magdalina za ta yi mini wancan kiran, bayan la'asar, Yona ya kira. Muryarsa ta yi siriri, ga layin yana ta makara. Ya ce, "Ya sa?" Kafin in leƙa sai na ji injin iska ya tashi a rumfar fenti, karon farko tun tafiyarsa. Na tashi da wayar na zagaya, na tsaya daga bakin ƙofa inda hazo bai kai ba, na ɗaga ta sama na ce, "Ndaliman, ga Oga."

Ndaliman ya saki bindiga ya matso. Ya yi magana mai tsawo. Abin da ke fitowa kuwa sai "bum-bum-bum", kamar mai magana daga cikin tulu.

Muka jira maganar ta isa Abuja, muka jira amsa ta dawo.

"Mika'ilu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Layin ne, ko hancin ne?"

Na ce, "Hancin ne."

Shiru. Na ɗauka layin ya mutu, har na duba fuskar wayar. Sai ga dariyarsa ta iso, 'yar ƙarama, tari na bin ta a baya.

"Ka ce masa kada ya cire ya maimaita. Na gane."

Na ce, "Zan faɗa masa. Kai kuma ka yi maza ka dawo, kujerar da kake ɓata mini tana jiranka."

Ya ce, "Ina hanya. Ka san layin nan, makara yake yi."